Sabuwar Bindigar Rifkatu Ta Ƙi Tashi

Matasan yanzu suna shigo mini shago da waya a hannu. Sun kalli bidiyo, sun ga wani ya kwance bindiga ya mayar kafin shayi ya huce, sai su ce, "Baba Sale, ashe aikin nan ba wuya." Ba na musu da su. Nakan miƙa wa mutum tsumma in ce ya fara da goge tebur. Yawancinsu ba sa dawowa.

Kwancewa da mayarwa ba su ne aikin ba. Aikin shi ne a kawo maka bindigar da babu abin da ya karye a jikinta, amma ta ƙi aiki, kai kuma ka gano dalili.

Ni ɗan maƙera ne, a Jos aka haife ni. Ubana yana ƙera fartanya da lauje da gatari. Idan rani ya shigo, mafarauta su kawo bindigar toka gyara. Ni ke zuga. Ban yi boko ba. Da rikici ya ci unguwarmu maƙerar ta ƙone, na fita da rigar da ke wuyana. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan. Na sha yawo, daga baya takardar fita ƙasar waje ta fito mini, na haye teku na sauka garin Greensboro. Na yi dakon kwali a wani sito a titin Wendover har bayana ya fara ƙara. Sannan na samu aikin shara a wani shagon bindigogi da ke hanyar Pleasant Garden, mai ɗakin harbi a baya.

Mai gyara a shagon wani tsohon Bature ne, Mista Odel. Ba ya son magana, ni ma haka, shi ya sa muka shirya. Wata rana ina shara na tsinci magagari a ƙasa. Ya ga yadda na riƙe shi. Ya ɗaure wani guntun ƙarfe, ya nuna mini da hannu in goge shi ya kwanta daidai. Na goge. Ya duba, ya jinjina kai, ya ce gobe in ajiye tsintsiya in zo tebur. Washegari na zo, sai ya karɓi magagarin ya jefa a durowa ya kulle. Na ce me ya faru? Ya ce hannuna ya iya cin ƙarfe da yawa, abin da ya tsorata shi ke nan. Ƙarfen da ka cire ba ya dawowa. Na daɗe ƙwarai a teburin nan ba abin da nake taɓawa sai burushi da tsumma da ƙaramar tocila. Da farko na ɗauka raini ne. Daga baya na gane. A maƙerarmu, abin da ya ƙi shiga duka ake yi masa har ya shiga. A nan, abin da ya ƙi shiga tambayarsa ake yi.

Abu biyu ya bar mini. Na farko, duk bindigar da aka miƙo maka akwai harsashi a ciki har sai idonka da yatsanka sun ce babu. Na biyu, abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Idan ka canza harsashi, ka canza sifirin, ka wanke, duk a zama ɗaya, ta tashi, to ba ka san abin da ya warkar da ita ba. Ciwon zai dawo, ka tsaya kana kallo.

Wani Alhaji Issaka, mutumin Kumasi, direban babbar mota, ya taɓa kawo mini sabuwar ƙaramar bindiga a fusace. Ya buga ta a tebur.

"Oga, abin nan ba shi da kyau kora, ko kaɗan! Kowane harbi sai kwanson harsashi ya maƙale. Ka goge mata ciki."

Na ce mu je baya. Na harba, ta tashi lafiya har ta ƙare. Na ba shi. Harbi ɗaya, kwanso ya tsaya a ƙofar fitarsa kamar sigari a bakin ɗan tasha. Na kalli hannunsa. Yana riƙe da ita sako-sako, kamar an ba shi jaririn maƙwabta.

"Alhaji, yaya kake riƙe sitiyari a kan gangara?"

"Da ƙarfi mana."

"To."

Ya ƙara riƙo, ta daina. Ya yi dariya, ya ce ashe shi ne za a goge wa ciki. Da na bi maganarsa na sa magagari, da na lalata lafiyayyar bindiga.

Mugunyar shekara ita ce ta korona. Tsoro ya kama mutane, kowa ya zo sayen bindiga. Waɗanda ba su taɓa riƙewa ba suna tambaya ta ina ake zuba harsashi. Harsashin ma ya ɓace a kasuwa. Kayan gyara ba sa zuwa. Mutane suka riƙa tono tsofaffin harsasai daga garejin kakanninsu, masu tsatsa, suna cusa wa sababbin bindigogi, sannan su kawo mini su ce kamfani ya cuce su. A cikin wannan ne ciwon ya kwantar da Mista Odel. Bai tashi ba. Ba a bari mun je jana'iza ba. Matarsa ta aiko mini da makullin durowar. Na buɗe, na ga magagarin, na mayar na rufe. Har yau ba na fito da shi sai na rasa yadda zan yi.

Bindigar da ta fi ba ni wahala ba a wannan shekarar ta zo ba. Daga baya ne, da sanyi ya fara shigowa. Wata budurwa ce ta kawo ta, Rifkatu, ma'aikaciyar jinya. Ta ji ina amsa waya da Hausa, ta tsaya, ta rusuna ta gaishe ni. Hausarta ta waɗanda suka zo ƙasar nan suna ƙanana ce, rabi da rabi. Abokiyar aikinta ce ta fara kawo ta harbin takarda, abin ya shiga ranta, har ta sayi bindigar gasa. Irin wannan ba ta tsaro ba ce, ba ta farauta ba. Doguwar hanci gare ta, da nauyi, harsashinta ƙarami, tuwanti-tu. Aikinta ɗaya, huda tsakiyar takarda.

"Baba, ba ta gama magazin ɗaya," in ji ta. Magazin shi ne gidan da ake jera harsasai a ciki. "Wani lokaci kwanso ya maƙale. Wani lokaci na ja kunama, ƙas kawai, ba komai."

Na ce mata wannan ba abin tashin hankali ba ne. Sabuwar bindigar gasa kamar sabon takalmi take, a matse. Ɗan ƙarfin ƙaramin harsashin nan shi zai tura ƙarfen sama baya, ya jefar da kwanso, ya ɗauko wani. Kafin ƙarafan su saba da juna sai an ƙona kwalaye da dama. A wanke man kamfani, a yi ta harbi, a yi haƙuri.

"Ba ni da lokacin haƙuri, Baba."

Sai ta faɗa mini. Da mahaifiyarta take zaune. An harbe mahaifinta a gida Nijeriya tana ƙarama. Tsohuwar ta ce bindiga ba za ta kwana a ƙarƙashin rufin da take kwana ba. Aka kai ruwa rana, har dattawan cocinsu suka sa baki. A ƙarshe ta yarda, amma da ta ji bindigar tana cijewa sai ta ce to ga amsa. Allah ne bai so ba. Ta ba da wa'adi zuwa Kirsimeti. Idan ba ta tashi sumul ba, a fitar da ita, a daina maganar harbi har abada. Rifkatu kuma ta yi alkawari a gaban dattawa.

Na duba babu harsashi, na kwance ta. Ciki ya yi baƙi da wani danƙo mai kama yatsa. Na ce man kamfani ne ya haɗu da hayaƙi. Na wanke tas, na ɗiga mata man bindiga kaɗan, na ɗauko harsashin shago, muka je baya. Ta tashi. Sau ɗaya ta cije, wannan kuma na sabunta ne. Rifkatu ta tafi da murna.

Asabar ta zagayo, ta dawo fuska a murtuke. Ciwon ya dawo.

Na fara bi ɗaya-ɗaya. Na tsaya a bayanta na kalli riƙonta. Babu laifi, ta fi maza da yawa. Na sa wa magazin ɗinta alama, wannan farin fenti, wannan ja, in ga ko ɗaya ne ke kawo matsala. Duka suna yi. Na duba 'yar ƙugiyar da ke fizgo kwanso, kaifinta lafiya. Na duba allurar da ke dukan gindin harsashi, na tara kwansunan da ta harba na haska su da tocila. Dukan yana shiga sosai. Har waɗanda suka ƙi tashi an dake su da kyau. Wannan ya tsaya mini a rai. Na ce ta canza irin harsashi. Ta canza. Ranar da ta saya, ta buɗe sabon kwali a nan shago, ya tashi lafiya. Ragowar da ta kai gida ta dawo da su wani makon, suka fara ƙi.

Danƙon kuma duk zuwa sai na same shi. Ni na wanke bindigar nan da hannuna, na san abin da na ɗiga.

"Kina sa mata wani mai a gida?"

"A'a, Baba. Wanda ka ba ni kawai, shi ma ban buɗe ba."

"Ina kike ajiye ta?"

"A akwatinta, a kulle, cikin kabad."

Wani ma'aikacinmu ya ce in goge hanyar da harsashi ke hawa, in rage wa sifirin ƙarfi, a huta. Hannuna ya kai kan durowa. Kirsimeti ya matso, yarinya tana kallona. Amma bindigar da ke tashi a hannuna ta ƙi bayan ta kwana a gida, ba ƙarfenta ne ke da laifi ba. Na janye hannun.

Na kankaro danƙon da tsinke na shafa a farar takarda. Na kai hanci. Man bindiga warin gareji yake yi. Wannan warin madafa ne, irin na mai da ya kwana biyu. Na san shi. Mafarautanmu man gyaɗa suke shafa wa bindigar toka, ita kuwa ba ruwanta, bututu ce kawai da kunama. Na buɗe kwalin harsashinta. Takardar kwalin ta jiƙe ta yi duhu a kusurwa.

Na tura mata kwalin. Na nuna mata kusurwar. Ta kalle shi, ta rufe fuska da hannu.

"O God. Baba, ɗigo ne kawai."

"Na me?"

"Man zaitun. Na addu'a."

Al'adar gidansu ce. Duk sabon abin da ya shigo, mota ce, waya ce, ƙofar gida ce, tsohuwar sai ta shafa masa man da fasto ya yi wa addu'a. Bindiga kuwa ba sau ɗaya ba. Duk ranar da Rifkatu za ta fito harbi, sai ta buɗe akwatin, uwar ta tsoma yatsa ta shafa a ƙofar da kwanso ke fita, ta bi kan harsasai a kwali tana roƙon kada ko ɗaya ya taɓa ɗan Adam. Rifkatu ba ta faɗa ba don kunya, kada a ce mutanenmu da camfi. Kuma a ganinta mai ai mai ne.

Ba haka ba ne. Man girki idan ya haɗu da hayaƙin albarushi ya sha iska, danƙo yake zama. Sanyi ya ƙara daskarar da shi. Ƙaramin harsashin nan kuma ba a rufe bakinsa gam ba, mai yana bi a hankali ya kashe shi.

"Shi ke nan, na san abin yi," in ji ta. "In bar ta ta shafa, in na fito in goge a mota. In sayi wani kwali in ɓoye."

"A'a."

"Baba, pilis. In ta ji ita ce, zai yi mata ciwo."

"Kwance bindiga a mota, a ɓoye, cikin sauri. Haka ake samun gawa. Kawo ta nan."

"Mama? Shagon bindiga?"

"Kawo ta."

Ban zaci za ta zo ba. Ta zo. Gajeriyar mace, zani da ɗankwali, da ƙatuwar rigar sanyi a kai, ta rungume jakarta a ƙirji. Ba ta kalli bangon da bindigogi ke rataye ba ko sau ɗaya. Na ba ta kujerata.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, sannunku da zuwa, Mama. Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Ta ɗan karkata kai. "Hausar nan taka ta Jos ce."

"Ta can ce."

"Wace unguwa?"

Na faɗa mata. Ta faɗi tasu. Rafi ɗaya ne tsakani. Ta ƙare mini kallo.

"Mahaifinka me yake yi?"

"Maƙeri ne."

"Yana ƙera irin waɗannan?"

"Yana gyara ta mafarauta."

"Mafarauta," in ji ta. Ta gyara zaman jakarta. "To, me ka kira ni in gani?"

Na miƙa mata farar takardar. Na ce ta shinshina. Ta shinshina, ta murza da yatsa.

"Wannan ai danƙon gefen kaskon suya ne. Wanda sai an sa toka yake fita."

"Daga cikin bindigar na ciro shi."

Ta kalli 'yarta. Rifkatu ta sunkuyar da kai.

"Wato ni na hana ta tashi."

"Man ne ya hana."

"Ni na shafa man." Ta ajiye takardar. "To ina laifin? Na roƙi Allah kada ta yi wa kowa lahani. Ga shi ba ta tashi. Ashe an amsa mini."

"Mama, bindigar da ke cijewa ta fi mai tashi haɗari. Mutum ya ja, ya ji shiru, sai ya juyo da ita yana leƙe, yana tono. A nan baki ke kallon inda bai kamata ba. Na ga rami a silin ɗakin can. Na ga a ƙafar mutum. Duk daga bindigar da aka ce ba ta tashi."

Ta waiga wajen ƙofar ɗakin harbi. Sannan ta ce, "Ina take yin abin? Zan gani da idona."

Na wanke bindigar a gabanta, na buɗe sabon kwali. Rifkatu ta ɗora mata abin toshe kunne a kan ɗankwali, ya zauna a karkace, ta ce a bar shi haka. Muka shiga. Ta tsaya can baya ta jingina da bango. Harbin farko kafaɗarta ta zabura. Na yi zaton za ta fita. Ba ta fita ba.

Magazin na farko ya ƙare sumul. Na biyu ma. A tsakiyar na uku, ƙas.

Wannan ba mai ba ne. Ƙaramin harsashi ko sabo ne akan samu mataccen ɗaya a kwali. Amma tsohuwa ba ta san haka ba, wa'adinta kuma ba ta ce ban da wannan ba. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga mini hannu.

Rifkatu ba ta waiwayo ba. Ta zare yatsa daga kunama ta miƙe shi a gefe. Bakin bindiga na kallon takarda, bai gusa ba. Ta jira. Sannan ta cire magazin, ta ja ƙarfen baya, mataccen ya faɗo, ta duba ciki, ta mayar, ta ƙarasa sauran. Da ta gama ta ajiye ta a buɗe, baki gaba, ta ja baya, sannan ta juyo.

Na danna maɓalli takardar ta taho. Tsohuwar ta karɓa. Ta sa ɗan yatsa a ramin tsakiya, inda hudojin suka haɗe.

"Takarda kawai?"

"Takarda kawai, Mama," in ji Rifkatu.

Muka koma tebur. Rifkatu ta tsaya riƙe da akwatin, ba ta san ko mota za ta kai shi ba ko nan za ta bar mini in sayar.

"Ta cije sau ɗaya," in ji uwar.

"E, Mama."

"Ba ki juyo da ita ba."

"A'a."

"Ko da wasa ba ki juyo ba." Ta ninke takardar ta sa a jaka. "Kai ta mota. A kulle za ta zauna, kuma ba na son ganinta ranar Lahadi."

Daga jakar ta fito da 'yar kwalba. Rifkatu ta ƙanƙame akwatin.

"Ke, sakarya, ba ita zan shafa wa ba. Sunkuyo."

Ta shafa mata a goshi, ta yi 'yar addu'a da yarensu. Sannan ta juyo gare ni da yatsan a jiƙe.

"Malam, na san ba addininka ba ne. Amma hannun nan ne ke taɓa abin da 'yata ke riƙewa. Kawo shi."

Na miƙa. Ta shafa a bayan hannun, kan tsohon tabon wuta, ta rufe kwalbarta, suka tafi.

Akwai bindigar wani tana jira a tebur. Sai da na wanke hannu da sabulu kafin na taɓa ta.